Tagar Bayan Shago da Muryar Bulus

Tudun Wada, Sakkwato.
Litinin ta ƙarshe a watan Safar.

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu buga rubutu da zane a kan riguna, wanda kuma shi ne mai layin shagunan da muke haya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan maganar da ka gaji da ji daga bakina: tagar bayan shagona da filin wanki. Tun gemunka yana baƙi nake kawo maka ita, a taro da bayan taro, har ta kai in na ɗaga hannu sai a fara murmushi, ana cewa Malam Garba zai karanta mana darasin taga. Na fito da ita fili yau domin abin da nake tsoro ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Saboda waɗanda ba su san sana'ar ba, ga yadda take. Muna ɗaure raga mai laushi a jikin katako, mu fitar da zane a kanta, mu kwantar da ita bisa riga, mu zuba tawada, mu ja da roba. Tawadar sai ta bi ƙananan ramukan ragar ta sauka kan rigar. Injinmu ke nan: tebur, ƙarfen da ke ɗaga raga ya sauke, da ƙarfin kafaɗa. In an gama dole a wanke ragar kafin tawada ta bushe ta toshe ta, kuma irin tawadar da muke aiki da ita ba ta jin ruwa. Sai tina, ruwan nan mai kaifin wari da ke narkar da fenti, in babu a sa fetur ko kananzir. A jiƙa tsumma, a sunkuya, a yi ta gogewa, hanci dab da ragar.

Na farko. Shagunan layinka ƙofa ɗaya gare su, bayansu bango ne har sama. Ka san zafin garin nan. In aka bar ƙofa buɗe ana bugu, iska mai zafi ta busar da tawada cikin raga kafin a ja riga ta goma, aiki ya ɓaci. Don haka rufe ƙofa muke yi, mu kashe fanka. Ka kuma hana wanki a gaban shago saboda idon masu kawo aiki da wutar mai ƙosai da ke bakin titi, kuma ban ga laifinka a nan ba, fetur da wuta ba abin wasa ba ne. To, a ina za a yi wankin? A ciki ake yin sa, cikin ɗakin da ya wuni a rufe.

Na biyu. Shekarar da muka tare a layin nan, a gabanka aka yanke cewa filin da ke bayan shaguna zai zama wurin wanki na kowa, a ja famfo, a yi rumfa, kowane shago a fasa masa taga ta baya. An yi addu'a an shafa. Ba a sa ko bulo ɗaya ba. Da Allah ya buɗa maka ka sayo babban injin nan mai buga allunan talla, sai muka wayi gari janaretonsa na zaune a tsakiyar filin. Da na sake zuwa da maganar taga, ka ce in an fasa hayaƙin janareto zai shigo ya cutar da mu. Na daɗe ban ji tausayi mai ɗaci irin wannan ba.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini nauyi. A layinmu akwai ƙa'ida: mai ja ba ya wanki. Hannun da ke taɓa farar riga ba ya taɓa tsumman tina. Kai ma ka san wanda ya kawo ta. Ni ne. Na fito kwaleji da takardar zane da ɗab'i lokacin da ake ƙirga masu irinta a garin nan da yatsu, na koya muku haɗa kala da shanya raga a rana, na haɗa muku da wannan ƙa'ida ina alfahari da ita. Tana tsare tsabtar aiki, gaskiya ne. Amma abin da take nufi shi ne a kowane shago akwai mutum ɗaya da ke shaƙar rabon mutum biyu.

A nawa shagon, Bulus ne. Mutumin Zuru, magidanci ne tun ranar da ya zo, ba yaron shago ba. Tare muka haɗa teburin da hannunmu, abin da aka samu kuma a raba. Matarsa Saratu malamar firamare ce. Shi ke jagorantar mawaƙan cocinsu, kuma duk layin nan ya san muryarsa, don yana wanki yana rera waƙoƙin Lahadi ƙasa-ƙasa, har mai ɗinki na maƙwabta yakan buga bango ya ce a ɗaga murya, ba ya ji sosai. Ran Juma'a shi ke tsare mini shago. Ya fi shekara ashirin yana wanke ragar da ni na ɓata, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina shan iska, wai ina tsare hannuna.

Tari ya fara masa tun damina biyu da suka wuce. Muka ce mura ce. Murya ta dushe, muka ce ya cika waƙa. Sai da numfashi ya gagare shi wata rana a kan raga, muka kai shi asibiti. Likita bai tambayi komai ba sai irin aikin da yake yi da irin ɗakin da yake yi a ciki. Ya ce huhunsa da maƙogwaronsa sun sha wuya, kada ya sake kusantar wannan wari.

Tun ranar ni ke wanki, don babu mai yi mini. Alhaji, mako guda bai cika ba na san abin da na sa bawan Allahn nan ya yi. Kai ya sara, ido ya yi ja, in na sa lomar tuwo sai in ji tina a bakina. Matata ta ware kayana daga na yara. Ni da na zauna a aji aka karanta mini abin da ke cikin tawada, ni da ke iya karanta gargaɗin da ke jikin gwangwani, sai da hancina ya shiga tsumma sannan na gane. Na yi shekaru ina yi maka faɗa a kan taga, ban taɓa ce wa Bulus, kawo tsumman yau in karɓe ka ba. Wannan ba ya bukatar izininka, ba ya bukatar bulo.

Kuma kada a ɗauka na shiryu. Shekaranjiya an kawo mini bajon 'yan makaranta, na rufe ƙofa na kashe fanka kamar kullum, don in ban rufe ba aikin ba zai fita ba. Ina jiyo tarin mai wankin shagon da ke jikin nawa ta bango. Ƙa'idata yake bi.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka ba mu izinin fasa taga ta baya a kowane shago. Nawa ni zan nemo magini.

Ka matsar da janareton zuwa gefen naka shagon, a mayar da filin abin da aka yi addu'a a kansa. Ko famfo bai samu ba, inuwa da iska sun isa a fara.

A taro mai zuwa ka ba ni dama in tsaya in janye ƙa'idar da na kawo, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin mai ja da mai wanki. Sabulu yana wanke hannu. In za a yi dariya a yi, na saba.

Ka je ka gaida Bulus. Da kai aka ci shinkafar Kirsimeti a gidansa ba sau ɗaya ba, kuma har yau yana tambayar ka.

Allah shi ƙara maka lafiya da buɗi, shi sa ka gama da duniya lafiya, shi yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka ƙi sani.

Jiya Lahadi na je duba shi. Saratu ta ce yana zuwa coci har yanzu, a hankali, ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Wani ne ke tsayawa gaban mawaƙa. Bulus yana raye, yana magana in ka matso kusa. Waƙa ce ba zai ƙara yi ba.

Wassalam.

Malam Garba, shagon ƙarshe a layin.