Ranar da Aka Kulle Malam Cindo

Gumel,
9 ga Mayu.

Maigidana, Baban Jane,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Jane da Mama. Yaya ƙafar Mama? A gaishe min da 'yan cocinmu na Kafanchan.

Ka yi haƙuri da yadda nake gajarta hira a waya makonnin nan. Bakina ne ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro. Amma ka kwantar da hankalinka tun yanzu, ina nan a bakin aikina, ba a kore ni ba.

Ka san aikina a kamfanin wutar solar nan na Gagarawa shi ne sauraron koken mutanen ƙauye. To, tun da aka kewaye filinmu da waya, shingen ya datse burtalin da shanu ke bi zuwa tafki. Sau biyu ina rubutawa, ana ce min ana dubawa. Makiyaya kuwa sai zagayen da ke cinye musu rabin wuni.

Wata Talata cikin Afrilu, da azahar, na ji ana buga kwantenar ajiyar kaya daga ciki. Na sa aka buɗe. Wani dattijo ne, Malam Cindo, yana zaune a ƙasa, riga sharkaf da gumi, leɓe a bushe. Wai ya yanke waya ya shigo da shanunsa, masu gadi biyu suka kulle shi tun hantsi. Ka san zafin Afrilu a nan, kwantena kuma ƙarfe ce. Ni na kai shi asibiti a Gumel, sai da aka ƙara masa ruwa leda biyu.

Manajanmu, Mista George, ya ce in bar maganar tunda mutumin bai mutu ba, ga kuma baƙi masu duba aiki suna tafe. Ya tuna min cewa kwantiragina a Yuni zai ƙare. Baban Jane, ba zan ɓoye maka ba, rahoton da na rubuta a kan abin da ya faru kwana uku ya yi a kwamfutata ban aika ba. In na kai hannu sai in tuna ku. A rana ta huɗu na tura shi babban ofis, ta hanyar ƙorafin da su da kansu suka buɗe.

Mako biyu shiru. George ya daina amsa gaisuwata, ni kuma abinci ya daina shiga. Sai ga Hajiya Mansura daga Abuja, mai kula da haƙƙin jama'a a kamfanin. Ba ta ko leƙa ofis ba, gidan Malam Cindo ta nufa. Ta zauna a tabarma ta saurare shi, ta saurari matarsa Larai, har da makiyayan da ba su taɓa yarda su yi magana da ni ba.

Jiya aka taru a ƙofar gidan dagaci. Hajiya ta ba Malam Cindo haƙuri da sunan kamfani a bainar jama'a. An janye masu gadin nan biyu, an kuma kafa doka cewa mai gadi ba shi da ikon tsare kowa. George an kira shi Abuja. Shingen ma an matsar da shi, burtali ya koma yadda yake. Ba wai komai ya gyaru ba, mata masu itace suna nan da nasu koken, gobe zan zauna da su.

Da aka watse, Malam Cindo ya zo yana ta sa min albarka. Kunya ta kama ni, na gaya masa gaskiya, cewa sai da na yi kwana uku ina tsoro kafin na aika. Sai ya ce, "'Yata, ni wata biyar na yi ina zagaye kafin na taɓa wayar nan. Kwana uku ai kin yi sauri."

A cikin mota na yi kukana, na dawo gida na cinye tuwo malmala biyu.

Zan zo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ka rungume min Jane.

Taka har kullum,
Charity.