Sabon Gilashi Ya Haɗa Ni da Uwar Mijina

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, mu 'yan Arewa a Kuala Lumpur ba mu da yawa, ana karantawa za a fara cankar ko wace ce. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, irin gajiyar da ko barci ba ya sauke ta, kuma in na faɗi abin da ya jawo min dariya za ku yi, gilashin ido ne.

Ni da mijina duk karatu ne ya kawo mu, muna zaune a Pantai Dalam da yaranmu biyu. Shi ya gama nasa zai koma bakin aiki a gida, ni kuma ina tsakiyar rubuta thesis, da sauran kusan shekara a gabana. Danginsa ba su so in zauna ni da yara bayan ya tafi ba, mutum ɗaya ce ta tsaya min, mahaifiyarsa, Hajiya. Ita ta ce a bar yarinya ta ƙarasa abin da ta fara, kowa ya haƙura. A gidansu maganarta ce ƙarshe, ranar da ta janye bakinta sai dai in haɗa kaya.

Tun ina sakandare nake sa gilashi, ba na ganin nesa, in na cire sai mutum ya zo dab nake gane fuskarsa. Bana kuma rubutu na kusa ya fara guje min, in zauna gaban laftof idona na ruwa. Na je wani kedai, wato shago, na masu gilashi, wata 'yar Cana ta auna ni ta ce shekaru ne, ta yi min mai hawa uku, sama na nesa, tsakiya na kwamfuta, ƙasa na karatu. A tsohon firam ɗina aka saka, tsofaffin gilasan ko tunanin in karɓo su ban yi ba. Ta ja min kunne, in sa shi daga tashi har kwanciya, kar in riƙa cirewa, kuma duk abin da zan kalla in saita shi da hancina, in daina juya ƙwayar ido. Ta ce boleh lah, wato zan iya, 'yan makonni ne zan saba.

Ban saba ba. Ƙasa sai ta riƙa lilo da ni, matattakalar tashar jirgin ƙasa na LRT sai na riƙe ƙarfe kamar tsohuwa, na sha zuba shayi a gefen kofi, ciwon kai kuwa daga azahar ya sauka sai abin da hali ya yi. Girki ma ya gagara, yawanci tapau nake yi wa yara, wato in sayo dafaffe a ƙunshe, a mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu. Amma ina daurewa, don a laftof kam na samu sauƙi, har na fara ganin alamar sabo.

Ana cikin haka Hajiya ta zo ganin likitan gwiwa, ta sauka a wajenmu. Kun san yadda muke gaida suruka, ki durƙusa, ki sauke ido ƙasa, ba a haɗa ido. To ni da na sauke ido ta wajen karatun nake kallo, kafet ya narke ya hau juyawa, zuciyata ta tashi, ba shiri nake ɗago fuska in tsaya a kan tata don kar in kife. In na sunkuyar da kan gaba ɗaya, zufar garin nan ta zamo da gilashin kan hanci, in koma leƙenta ta samansa kamar hedimasta ta kama ɗaliba. In ta yi min magana daga gefe, dole in juyo da kaina dukansa a hankali, sak wadda aka dama. Ni ban ma san haka nake yi ba, fama kawai nake da jiri.

Ranar da abin ya ɓaci, matan 'yan uwanmu ɗalibai sun zo gaishe ta, falo ya cika. Ta miƙo min wayarta da murna ta ce in ga jaririn da ƙanwar mijina ta haifa a Kano. Na karɓa, na ɗaga hanci sama, na kalli hoton ta ƙasan gilashi, don ta nan kaɗai zan gan shi, ina yamutsa fuska saboda ciwon kai. Ku kwatanta abin a ranku. Mace ta nuna miki jikanta a gaban mutane, ke kuma kin ɗaga hanci kina kallonsa a wulaƙance. Na ce masha Allah, amma ina, aikin gama ya gama. Ta sa hannu ta karɓe wayarta, ta ɗaure a bakin mayafi.

Hajiya ba mai faɗa ba ce, ko uffan ba ta ce min ba. Kawai dai ta daina ce min 'yata, in na gaishe ta amsa ɗaya, in na kawo abinci ta ce a ajiye. Daga Kano labarin ya dawo min, ita mai jegon ta turo min saƙon murya mai tsawo, wai Hajiya ta ce boko ya buɗe min ido tun kafin in zama dakta, ina kallonta tsakiyar ido, ina harararta ta saman tabarau, in an bar ni shekara guda ni kaɗai a ƙasar nan sai a ce me? Gara in bi mijina mu koma tare. Na yi mata bayanin gilashin tiryan-tiryan, ta yi dariya ta ce matar Yaya ke nan, a Kano ma ai ana sa gilashi, ba a ga yana ɗaga wa mutane hanci ba.

Na samu maigidan na ce ya yi wa mahaifiyarsa bayani, nan ma wata matsalar. Shi ne ɗan fari, Hajiya ko sunansa ba ta faɗa, sai dai yaron nan, ba ta zama hira da shi, in ya shigo falo ta kau da kai. Ya gwada, ya fara ke nan ta ce Allah ya ƙara lafiya, ta miƙe da sandarta ta shige ɗaki. Mun yi cacar baki da shi sosai, ya ce ni na fiye tsaurin kai, in cire abin mana in ina gida, na ce a gidan nake rubutu ai, kuma in na cire yaranmu ma a bakin ƙofa ba na bambance su. Ya ce to in zaɓa. Ni da kaina na gwada, na durƙusa na fara cewa Hajiya gilashin nan ne, ta ce ita ma da idonta a kanta, ta ga abin da ta gani. Na ja bakina, don in na ƙara sai a ce ina mayar mata da magana.

Shekaranjiya na haƙura na cire. Na bar shi a ɗaki, na lalubo hanya na zo na durƙusa, idona a ƙasa, na gaishe ta yadda na saba tun ina amarya. Ta kamo hannuna ta ce yauwa, yau na ga 'yata. Ta sa min albarka. Na wuni haka ina yi mata hidima a dushe, ta ci abincina, har ta tambaye ni karatu. Jiya da na mayar da shi zan je wajen supervisor, malamar da ke duba aikina, jirin ya dawo sabo fil kamar ranar farko, a tashar jirgi na zauna ina ta amai, ban je ba, babin da take jira ko layi ban ƙara ba. Na koma kedai ɗin, matar ta sake aunawa ta ce komai daidai yake, ta dube ni ta ce kin cire ko? To an koma farko.

Ƙarshen watan nan Hajiya za ta koma, kuma abin da ta sauka da shi a bakinta shi za a yi. In na ci gaba da sawa, ido zai saba amma ita za ta tafi da fushina, karatun ya tashi. In na ajiye har ta tafi, ban san me zan ce wa supervisor ba, kuma in ta kira bidiyo daga gida ta gan ni da shi fa? In yi wani na nesa kawai don gaisuwa, an ce sauya-sauyar ce ke hana sabo. Masu irin wannan gilashi, ya kuka yi da gaida manya? Akwai hanyar da zan fahimtar da ita ba tare da ta ga rashin kunya ba? Ko in samo wata dattijuwa a nan ta yi mata magana, ba za ta ce na kai ƙararta waje ba?

Abin da ya fi tsaya min a rai, lokacin da ta ce ta ga 'yarta, na ji a muryarta murmushi take yi, na saci kallo in gani, wallahi ban ga komai ba sai farin mayafi. Don girman Allah ku faɗa min, in sa ko in cire?