Tabon Girar Adda

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Na yi laifi, zan rubuta shi don kada gobe zuciyata ta sauya masa suna. A bara na ɗauki hoton Adda, tsohuwar da ke sayar da nono a kasuwar Roni, tana kamfatar kindirmo da ludayi, hasken hantsi a gefen fuskarta. Da na zauna gaban kwamfuta sai na goge tamojin goshinta, na share wani tabo da ke kan girarta ta hagu, don a ganina yana ɓata hoton. Na adana gyararren a kan na asali. Yau na ji Adda ta rasu, kuma 'yarta Zara tana nemana, domin marigayiyar ba ta da wani hoto a duniya sai nawa.

Na ɗaukar wa Allah alkawari: hannuna ba zai ƙara taɓa fuskar ɗan Adam da gyara ba.

Laraba, 7 ga Agusta
Na bincika kyamara da kwamfuta da tsohuwar wayata. Babu na asalin.

Asabar, 10 ga Agusta
Na fita bayan ruwa ya ɗauke, na ɗauki hoton duwatsun Kazaure a jiƙe, da gonar gyaɗa a hanyar Gwiwa, da wani mai faci yana tsoma tayar babur a ruwa. Na ƙara wa ganye kore, na rage hasken sama, ban ji komai ba. Dutse ba shi da 'ya da za ta zo nemansa. Shekara nawa ina yi wa amaren da nake ɗauka hoto wa'azi cewa ba na ƙara wa kowa fari, ashe ni ma tabo nake ƙyama. Astagfirullah.

Alhamis, 15 ga Agusta
Zara ta zo a kan acaɓa tun daga Roni. Ta durƙusa ta gaishe ni, na yi mata ta'aziyya, na miƙa mata hoton. Ta daɗe tana kallo, har ta yi 'yar dariya. "Hajiya, wannan ai kamar ƙanwar Inna ce, kuma Inna ba ta da ƙanwa." Sai dariyar ta tsaya. "Ina tabon?"

Na faɗa mata gaskiya, kaina a ƙasa. Ta ce saniya ce ta taso mata tana 'yar shekara huɗu, Adda ta shiga tsakani, ƙaho ya same ta a gira. "Duk sanda na yi mata rashin ji, tabon take nuna mini, ba ta cewa komai." Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 18 ga Agusta
Zara ta kira waya. "Hajiya, hannun da ya cire ba zai iya mayarwa ba?" Na ce na yi alkawari. Ta ce, "Alkawarin naki da Allah ne, Inna kuwa tawa ce." Na yi sallar La'asar ban san abin da na karanta ba. Ina tsoron saɓa wa Allah ne, ko dai ina son in ga kaina da tsabta?

Talata, 20 ga Agusta
Zara ta zauna kusa da ni tun hantsi har Azahar. Ina zana tabon, tana gyara mini. "Ƙara sama kaɗan. A'a, bai kai haka kauri ba, a lanƙwashe yake kamar lauje." Tamojin ma ita ta ƙirga mini su. Can sai ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, ta ce, "Inna." Na kawar da kai.

Na wanke mata hoton guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na yayanta Lauwali. Zan tambayi malami abin da ya hau kaina na kaffara, in yi. Da na ɗaga hannu neman gafara bayan ta tafi, na laluba nadamar aikin yau, ban same ta inda na zata ba.

Ban cika alkawarin ba.