Nauyin Da Likita Ya Hana

Zuwa ga tantabarata, sanyin idona, inuwar da na fake a cikinta tun gashina yana baƙi, uwar 'ya'yana kuma abokiyar faɗana.

Daga ɗakin masu ciwon zuciya nake rubuto miki, gadon bakin taga. Jiya babbar 'yarmu ta kawo mini kayan sawa, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi saƙonki: wai ba za ki koma gidanmu ba, a wurinta za ki zauna, tunda nauyinki ne ya kusa kai ni kabari. Haba tantabarata! Wallahi ciwon da ya kayar da ni bai soke ni kamar wannan magana ba.

Wane nauyi? Tun da ƙafafunki suka daina ɗaukarki nake sauko da ke daga bene kowace safiya, in zaunar da ke a ƙofar shagona kina kushe kujerun da nake bugawa, yamma ta yi in mayar da ke. Na yi mita, ban musa ba. In ce kin ƙara ƙiba, ki ce tsufa ne ya cinye ƙarfin kafinta. Amma ai kin san wasa ne. Katakon da nake saɓawa ya ninka ki.

Ki tuna safiyar nan. Muna tsakiyar matakala, kanki a ƙirjina kamar kullum, kika ɗago kika ce yau zuciyata ba yadda ta saba take bugawa ba. Na ce ƙwannafi ne. Zufa ta karyo mini, hannun hagu ya mutu, amma ban dire ki ba sai a kan kujerarki. Ke kika ƙwalla ihu har mai shagon gefe ya fito da motarsa ya kawo ni asibiti. Likita ya ce da na je na kishingiɗa kamar yadda na yi niyya, da yanzu gaisuwa ake zuwa yi miki. Kunnenki ya riga na'urarsu ji. Wannan ce matar da ke cewa ita ta kusa kashe ni?

Mutanen asibitin nan, Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan iyayensu. Ta wuyan hannuna suka zura siririn bututu har zuciya, suka buɗe jijiyar da ta toshe, suka tokare ta da ɗan ƙarfe, ina ji ina gani. Na tsufa a sana'ar hannu, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Wata nas 'yar firit ta riƙe mini hannu tana ce mini Baba, tana tambayata sunayen jikokina don kada tsoro ya tafi da ni. Likitan ya ce jijiyar ta yi shekaru tana toshewa, ko ina ɗaukarki ko ba na ɗauka.

Sai dai bakin da ya yi mini albishir da rai, shi ya yanke mini hukunci. Zuciyar ta yi rauni, kada in ƙara ɗaga abu mai nauyi. Na ce, ko da matata ce? Ya ce ko da ita ce. Na juya wa bango fuska na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba. Me zan yi da ran da aka ceto, in zan koma da shi ɗakin da babu ke? Wa zai ce mini ƙafar kujera ta karkace alhali daidai take?

Ga abin da na shirya. Na roƙi mai gidan da muke haya ya mayar da mu ɗakin ƙasa, ya yarda. Ƙanena zai rage ƙafafun gado su zo daidai da keken da ake tura ki a ciki, ki riƙa zamewa da kanki. Na san ɗakin duhu gare shi. Na san ba za ki ƙara kallon faɗuwar rana daga sama ba, kuma ni na jawo miki.

Ba zan sake ɗaukarki ba, tantabarata. Amma ki dawo, don Allah ki dawo. Ranar sallama za su cire mini na'urar da ke sauraron zuciyata, ina kuma tsoron in kwanta babu mai ji. Na tambayi likita ko kan mace a ƙirjin mijinta yana cikin nauyin da ya hana. Ya ce wannan bai hana ba.

Naki muddin tana bugawa, naki bayan ta tsaya,
Tsohon kafintanki.