Faifan Kwana Talatin

Yaya Markus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Anti Rahila da yara? Mu nan Zuru lafiya, sai gajiya.

Shirin kwamfuta na sakamakon ɗalibai da hedimasta ya sa ni rubutawa ya tsaya. Kwamfaila, wato manhajar da ke haɗa shirin har ya yi aiki, ta fi ƙarfin albashina, sai na sayi faifanta mai araha a kasuwa. Ashe na gwaji ne, kwana talatin ya rufe. Ta kyauta kuwa, sau uku ina sauke ta a shagon intanet ana ɗauke wuta.

Don Allah ka kwafo mini ta kyautar a faifai, da laburarenta na zana tagogin allon kwamfuta, ka ba direban Zuru. Ka duba sosai, kada ita ma ta zo da wa'adi.

A sa ni a addu'a. Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Bawa