Gonakin Tudu da Masu Ƙona Dutse

Abijan

Zuwa ga ƙanena Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da matata Huseina da yara, da mutanen Affala baki ɗaya. Ni ina nan, ƙafa ta gaji da yawon sayar da shayi, amma alhamdu lillahi.

Na ji saƙonka, cewa kamfanin nan mai ƙona baƙin dutse yana fitar da mai zai faɗaɗa ma'aikatarsa, har an ɗauke ka, kuma ni ma akwai wurina. Ban raina ba. Na tsufa a bakin titin wasu, wallahi ina son gida. Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Ka ce Souleyman ɗan garinmu ya je neman aikin an koro shi, alhali ya fi ka ƙarfi, ya fi ka karatun lakkol. Gonarsa a fadama take. Ku da aka ɗauka, duba mini, ina gonakinku suke? Kuma yaushe za ku fara?

Ka gaida Inna.

Wanka,
Almoustapha

Abijan

Attahiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon ƙafar Inna?

Amsarka ta ƙara mini damuwa. Duk wanda aka ɗauka gonarsa a tudu take, bisa dutsen da suke nema. Kuma aiki zai fara da ruwan farko, ba hutu sai bayan girbi. To wa zai yi shuka? Mu mun san ramukan tassa na tara ruwan shuka da Baba ya haƙa a fakon nan da hannunsa. Amma baƙo in ya zo awo bai ga kara a tsaye ba, fili zai kira wurin, kuma ba mu da shaida sai geronmu.

Ban ce macuta ba ne, ban ga zuciyarsu ba. Wataƙila dacewa ce kawai. Aikin ma na gaskiya ne, kuma kana da bakuna da za ka ciyar, don haka kada ka bar shi.

Wurin da suka ajiye mini, su ba Souleyman. Na sayar da teburina, zan hawo mota zuwa Tawa, in ƙaraso gida in shuka gonarmu, kafin hadari ya taso. Ka ce wa Huseina, ko yunwa ta matsa, kada ta daka irin gero.

Wassalam,
Almoustapha