Ƙorafi Kan Sakamakon Gwajin Rahinatu Biyu

Zayyanu Sajo,
Shiyyar Masunta, Rimawa,
Ƙaramar Hukumar Goronyo.
4 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Shirin Gwajin Iyalai Masu Gadon Ciwon Daji,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAKARDUN SAKAMAKO BIYU MASU SUNA ƊAYA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ciwon dajin tumbi ya kashe mahaifinmu Malam Sajo a 2011, ya kashe ƙanena Badaru a 2023 yana da shekara talatin da takwas. Saboda haka munka yarda da ma'aikatanku sunka zo ranar 12 ga Fabrairu, 2025, anka ɗebi jinin mutum bakwai na gidanmu don a duba wanda ya gaji ƙwayar halittar da ke jawo cutar.

2. Cikin bakwai ɗin akwai mata biyu masu suna Rahinatu Sajo: yayata mai shekara arba'in da shida, da ɗiyata mai sha tara. Ni na raɗa wa yarinyar sunan goggonta, kuma da sunan kakanta Sajo anka rubuta ta. Na faɗa wa mai rubutu wannan tun ranar, ya ce kada in damu.

3. Ranar 20 ga Mayu sakamako ya iso. Ni kaina an same ni da ƙwayar, kuma likita ya bayyana mani cewa ɗiyata tana iya gadonta daga gare ni. Takardun Rahinatu biyu sunka zo babu shekaru, babu wata shaida. Ɗaya ta ce akwai, ɗaya ta ce babu. Ma'aikacin da ya kawo su ya juya su a hannu, ya dubi matan, ya miƙa wa yayata wadda ta ce akwai. Da na tambaye shi da mi ya gane, ya ce ai ciwon ya fi kama manya.

4. A kan wannan takarda anka sa wa yayata ranar 18 ga Agusta don a cire mata tumbi gaba ɗaya. Ta yi wa 'ya'yanta wasiyya. Ita kuwa ɗiyata, wadda anka sallama a matsayin mai lafiya, tun farkon Yuli take amai. Loma uku ta ce ta ƙoshi. Haka Badaru ya fara, ranka ya daɗe, a gaban idona.

5. Sau uku ina zuwa ofishinku, 9 da 23 ga Yuli, da 30 ga wata. Kullum amsar ita ce an sauya wa mai rajistar wurin aiki, in dawo.

Don haka ina roƙon a dakatar da tiyatar yayata, a sake ɗibar jinin su biyun cikin gaggawa, kowace da shekarunta a jikin kwalba, kuma likita ya duba cikin ɗiyata ba tare da jiran sakamako ba.

Ba ni neman a hukunta kowa. Na san duk yadda amsar ta fito, ɗaya daga cikinsu ce, kuma ba ni da wadda zan zaɓa. A faɗa mani wacce ce tun da sauran lokaci. Saura kwana goma sha huɗu.

Allah shi ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Zayyanu Sajo